Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Zangon Kumasi da Tambayar Asali

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan kwana a kan ciyawa, hantsi na dubawa ta ɓace, kaba kuwa saiwarta ta riga ta kama ƙasa. Sai dai karin maganar ba ta faɗi shekara nawa baƙo zai yi a wuri kafin a daina ƙirga shi cikin raɓa ba. Tambayar ta shafi mazauna zangunan Kumasi, babban birnin Asante a ƙasar Gana, inda Hausa ta zama harshen unguwa fiye da shekara 100. Wanda ya ratsa Race Course, tsohon filin sukuwar dawakin Turawa da ke kusa da Bantama, wanda yanzu ya koma kasuwa da tashar mota, zai ji ana ciniki da Hausa da harshen Tuwi a rumfa ɗaya.

Wannan maƙala ta bi tarihin zangon daga fataucin goro zuwa dokokin zama ɗan ƙasa. Ta kuma ajiye shi kusa da tarihin wasu baƙin, wato Sikotawan da aka zaunar a arewacin Ayalan, domin daular Birtaniya da ta yi amfani da waɗannan ita ce ta yi amfani da waɗancan, kuma hanyoyinsu sun haɗu a Kumasi a 1874.

2.0 Su Wane ne Sikotawan Ulsta?

Birtaniya haɗakar ƙasashe ce. A 1603 Sarki James na Sikotilan ya gaji gadon sarautar Ingila, a 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu, sannan a 1801 aka shigo da Ayalan cikin haɗakar. Tun a 1609 gwamnatin James ta fara ƙwace filayen sarakunan gargajiya na lardin Ulsta, a arewacin Ayalan, tana rarraba wa mutanen da ta kwaso daga Sikotilan da Ingila. Manufar a fili take: a dasa jama'a mabiya Furotesta, masu biyayya ga sarki, a tsakiyar 'yan ƙasa mabiya Katolika. Tekun da ya raba Sikotilan da Ulsta bai wuce kilomita 21 ba a inda ya fi ƙunci, saboda haka ƙaura ta ci gaba, musamman lokacin yunwar da ta auka wa Sikotilan a shekarun 1690.

Waɗannan baƙi sun zauna tsakanin wuta biyu. 'Yan ƙasa na kallon su a matsayin masu cin gonar wani, kuma a tawayen 1641 an kashe dubbansu. Masu mulki kuwa, mabiya cocin Ingila, ba su yarda da ɗariƙarsu ta Firesbiteriya ba, har dokar 1704 ta hana su riƙe muƙaman gwamnati. Da kuɗin hayar gona ya yi tsada, sai suka sake ɗaura kaya. Tsakanin 1717 da 1775 kimanin mutum 200,000 suka tsallaka zuwa Amurka, inda aka tura da yawansu bakin daji su zama katanga tsakanin garuruwan Turawa da 'yan asalin ƙasar. Iyayen Andrew Jackson, shugaban Amurka na 7, suna cikin waɗanda suka tashi daga Ulsta a 1765. A Amurka ne sunan da ke haɗa Sikotilan da Ayalan ya kama su sosai, musamman bayan shekarun 1840, lokacin da suke son bambanta kansu da matalautan Katolika da yunwa ta koro daga Ayalan.

Mutanen tsaunukan Sikotilan sun bi wata hanyar daban. Bayan an murƙushe tawayensu a Culloden a 1746, an haramta musu tufafinsu na gargajiya, in ban da wanda ya shiga sojan sarki. Cikin shekaru kaɗan mutanen da ake kira 'yan tawaye suka zama abin alfaharin rundunar Birtaniya. Masaniyar tarihi Linda Colley, a littafinta na 1992, ta nuna cewa yaƙi da addinin Furotesta da ribar mulkin mallaka su ne suka ɗinke waɗannan al'ummu suka zama 'yan Birtaniya. Wanda ba shi da gadon ƙasa a gida yana iya samun albashi da muƙami a bakin tekun Afirka.

3.0 Goro Kafin Bindiga

Alaƙar Hausawa da ƙasar Asante ta girmi zuwan Turawa Kumasi. Hausawa na kiran mutanen Asante Tonawa, ƙasar da ake sayo goro kuma Gwanja. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga Kano da sauran birane ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su sauka a Salaga su sayi goro. Inda ayari ya yada kaya ya kwana shi ake kira zango, kuma wannan kalma ce ta zama sunan unguwar baƙi a duk faɗin Gana.

Sarakunan Asante ba su cika barin fatake su wuce kasuwannin arewa su shigo dajin goro ba. Duk da haka akwai Musulmi a Kumasi. Thomas Bowdich a 1817 da Joseph Dupuis a 1820 sun tarar da malamai a fadar Asantehene Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci, suna yi wa mayaƙansa layu. Yawancinsu daga Gwanja da Dagomba da zuriyar Wangarawa suke. Jikokinsu ake kira Asante Nkramo, kuma ana ɗaukar su talakawan Asantehene ne, ba mutanen zango ba. Wannan bambanci yana nuna cewa addini shi kaɗai bai mai da mutum baƙo a Kumasi ba. Abin da aka duba shi ne hanyar da mutum ya shigo da kuma wanda ya yi wa mubaya'a.

4.0 Haɗuwar 1874

Idan aka duba sunayen waɗanda suka wakilci Birtaniya a gaban Asante, za a ga 'yan gefen daula ne suka yi yawa. Gwamna Charles MacCarthy, wanda Tonawa suka kashe a yaƙin Nsamankow a 1824, haifaffen Cork ne a Ayalan. George Maclean, wanda ya ƙulla sulhun 1831, Basikote ne. Garnet Wolseley, jagoran yaƙin 1873 zuwa 1874, an haife shi kusa da Dublin a gidan Furotesta. Tonawa sun lanƙwasa sunansa da muƙaminsa suka kira yaƙin Sagrenti. A ranar 31 ga Janairu 1874, a Amoaful, rundunar Black Watch ta mutanen tsaunukan Sikotilan ce aka sa a gaba. An shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, aka banka mata wuta bayan kwana biyu, aka kuma ɗora wa Asantehene Kofi Karikari tarar oza 50,000 ta zinariya a yarjejeniyar Fomena.

Ta gabas kuma, daga wajen kogin Volta, wata runduna ta biyo baya ƙarƙashin John Glover. Tun a 1863 Glover ya fara tara dakaru a Legas daga cikin bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, yawancinsu masu jin Hausa, har aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Sun iso Kumasi kwanaki kaɗan bayan Wolseley ya bar ta toka. Daga irin waɗannan dakaru aka kafa rundunar tsaron Gold Coast a 1879, wadda ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901.

Turawan mulki sun riƙe wani ra'ayi cewa wasu ƙabilu an halicce su ne don yaƙi. A Turai sun ba mutanen tsaunukan Sikotilan wannan lamba, a Indiya suka ba Sikh da Gurkha, a Afirka ta Yamma kuma Hausawa. Amma kalmar Hausa a bakin hafsan Bature ba ta tsaya ga Bakano ko Bakatsine ba. Gurunsawa da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Barebari duk an rubuta su Hausawa, muddin daga arewa suka fito kuma suna jin umarni da Hausa. Bariki ya zama makarantar harshe, kuma sojan da ya yi ritaya yakan zauna a zango ya auri mace ya haifi 'ya'yan da ba su san wani harshen gida ba sai Hausa.

5.0 Kafuwar Zangon Kumasi

Faɗuwar Kumasi ta karya ikon Asante a kan Salaga, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa fataken garin zuwa Kete-Krachi da Kintampo da wasu wurare. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malami kuma mawaƙi haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A Janairun 1896 Turawa suka kama Asantehene Prempeh na I suka kai shi gudun hijira, ƙofar Kumasi ta buɗe wa fatake. A 1900, da Gwamna Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, Yaa Asantewaa ta jagoranci tawaye, aka yi wa ganuwar Turawa ƙawanya wata da watanni. Sojojin da ake kira Hausawa ne suka tsare ganuwar, baƙin garin kuma suka fake a gindinta. Tonawa sun daɗe ba su manta a wane ɓangare suka ga mutanen zango a ranar ba.

Bayan an haɗe Asante da mulkin Birtaniya a 1902, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, noman koko da haƙar zinariya suka bunƙasa. Ana bukatar hannu, sai ga mutane daga arewacin Gana da ƙasar Mosi da Nijar da Najeriya. Zango ya yaɗu daga Tsohon Zango zuwa Yalwa da Sabon Zango da Aboabo da Asawase. Turawa suka naɗa Sarkin Zango, yawanci Bahaushe, kowace ƙabila kuma da nata shugaban a ƙarƙashinsa. Enid Schildkrout, a bincikenta da aka buga a 1978, ta nuna yadda 'ya'yan Mosawa da aka haifa a Kumasi suka tashi da Hausa da Musulunci da al'adun aure da suna irin na zango, alhali ba su daina kiran kansu Mosawa ba. Zama ɗan zango ya zama asali na biyu da aka ɗora a kan na farko.

Ɗalibin Hausa yana da rabo a wannan tarihi. R. S. Rattray, ɗan gidan Sikotawa da ya yi aikin mulki a Gold Coast, ya sa Malam Shaihu ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da ajami, aka buga su a 1913. Kundin tatsuniyoyin Frank Edgar mai juzu'i uku kuwa a Belfast, babban birnin Ulsta, aka buga shi tsakanin 1911 da 1913. Hausar zango, wadda wasu ke kira Gananci, ta ɗauki kamanninta: bambancin jinsin namiji da tamace a nahawu ya raunana ƙwarai, baƙaƙe masu ƙugiya sun sassauta a bakin mutane da yawa, an kuma ari kalmomi daga Tuwi da Ingilishi. Aron bai tsaya ɓangare ɗaya ba. Sunan da ake kiran mata 'yan dako a kasuwannin Gana, wato kayayei, haɗin kalmar kaya ce ta Hausa da kalmar mata ta harshen Ga.

6.0 Ranar da Aka Tambayi Takarda

Muddin Turawa na mulki, Bakano a Kumasi talakan sarkin Ingila ne kamar maƙwabcinsa Batone. Da 'yanci ya matso, sai tambayar ta canza. A 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta yi ƙarfi a zanguna, ta kuma haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Asante wajen adawa da Kwame Nkrumah. Watanni kaɗan bayan 'yancin 6 ga Maris 1957, gwamnati ta ba da umarnin korar manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan Gana ne. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta zartar da doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, aka fitar da su zuwa Najeriya. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyun da aka gina a kan addini ko ƙabila ko yanki.

Ƙidayar 1960 ta nuna cewa kimanin kashi 12 cikin 100 na mazauna Gana asalinsu daga waje ne. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, gwamnatin Kofi Busia ta fitar da umarni ranar 18 ga Nuwamba 1969 cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutane fiye da 100,000 suka fita, da yawansu sun sayar da gida da rumfa a wulaƙance. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa a Kumasi, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. Ramuwar ta zo a 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka koma gida.

Ulsta ma ta biya nata farashin. An raba Ayalan a 1921, gundumomi shida na arewa suka zauna cikin Birtaniya saboda rinjayen jikokin baƙin 1609. Rikicin da ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 ya ci rayuka kusan 3,500. Yarjejeniyar 1998 ta kashe wutar da wata ƙa'ida mai sauƙin faɗi: duk haifaffen yankin yana da ikon zama ɗan Ayalan, ko ɗan Birtaniya, ko duka biyun. A ƙidayar 2021 kusan kashi 32 cikin 100 sun ce su 'yan Birtaniya ne kawai, kashi 29 'yan Ayalan kawai, kashi 20 kuma 'yan Arewacin Ayalan kawai. Shekara 400 ba su haɗa amsar wuri ɗaya ba, amma doka ta daina tilasta wa mutum ya zaɓi ɗaya.

Akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. Sikotawan Ulsta an ba su ƙasar da aka ƙwace, suka zama masu rinjaye a yankinsu. Mutanen zango ba su mallaki ƙasa ba, a hannun sarakunan Asante take, kuma zamansu ya dogara ga kyakkyawar hulɗa da fadar Manhyia. Inda suka yi tarayya shi ne dukansu mai mulki ya jawo su ne saboda wata bukata tasa, ya tafi ya bar jikokinsu da bayanin dalilin zamansu.

7.0 Ƙarfi a Matsayin Haja

Zaren da ya ratsa tarihin nan shi ne cinikin ƙarfi. Soja, ɗan dako, lebura a gonar koko, mahaƙin zinariya, maigadi: jikin baƙo ake nema. A shekarar da aka kafa rundunar Gold Coast, wato 1901, Eugen Sandow, Bajamushen da ya zauna a Ingila, ya shirya babbar gasar gina jiki a zauren Royal Albert da ke Landan, a daidai lokacin da hukumomi ke kukan cewa matasan biranen Birtaniya sun yi rauni ga aikin soja. Daga nan tsoka ta zama abin nunawa da abin sayarwa.

A 1935 masana suka iya haɗa sinadarin testosterone a ɗakin gwaji. A 1958 kamfanin Ciba ya fito da ƙwayar Dianabol, 'yan ɗaga ƙarfe da masu gina jiki suka rungume ta. An fara gwajin irin waɗannan ƙwayoyi na sitiroyid a gasar Olamfik ta 1976, a 1988 kuma aka ƙwace lambar zinariyar Ben Johnson a Seoul saboda su. Aikinsu shi ne hanzarta ginin tsoka da saurin warkewarta bayan motsa jiki. Illarsu kuwa ta haɗa da hawan jini, kaurin tsokar zuciya, lalacewar hanta, fitowar nono ga namiji, saurin fushi, da ƙanƙancewar maraina da raguwar haihuwa, domin jiki yakan daina yin nasa sinadarin idan ana ɗura masa daga waje.

Abin da ya sa wannan ya shafi Gana shi ne kasuwar ƙarti. An daɗe 'yan siyasa na hayar majiya ƙarfi daga wuraren ɗaga ƙarfe, waɗanda ake kira maco, don gadi ko razana abokan hamayya a lokacin zaɓe, kuma sau da yawa sunan zango ake shafa wa baƙin fentin, ko da kuwa masu hayar ba can suke kwana ba. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu 2019, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a wannan shekarar. Inda faɗin ƙirji ke kawo kuɗi, ƙwayar da ke faɗaɗa shi cikin wata uku jaraba ce babba ga saurayin da ba shi da sana'a. Shi ne zai ɗauki ciwon hanta da na zuciya, wanda ya yi hayarsa kuwa ya riga ya wuce ofis.

8.0 Kammalawa

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce mutum ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Da wannan ma'auni, mafi yawan mutanen zangon Kumasi 'yan Gana ne ba tare da wata jayayya ba. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, mai asalin Hausa, shi ne Babban Limamin ƙasar tun 1993. Muntaka Mubarak yana wakiltar mazaɓar Asawase a majalisa tun 2005. A 2017 an kafa asusun raya zanguna da dokar majalisa. Duk da haka, a lokacin rajistar masu zaɓe da ta katin ɗan ƙasa ana yawan jin koken masu suna irin na Hausawa da Fulani cewa ana yi musu tambayoyin da ba a yi wa wasu.

Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne kalmar Hausa ba ta taɓa zama da ma'ana ɗaya ba. A Kano asali ce, a barikin Turawa sunan aiki ce, a zangon Kumasi kuma harshe ce da al'ada da mutane daga ƙabilu da dama suka gina tare. Haka sunan ɗan Birtaniya ya kasance ga Basikote da mutumin Ulsta: rigar da aka sa a kan wata rigar. Al'ummar da ta binne kakanninta zuriya huɗu ko biyar a ƙasa ɗaya ta wuce a kira ta raɓa, kuma tarihin 1957 da 1969 ya nuna irin asarar da ake yi idan hukuma ta ƙi yarda da hakan.